Shin labarin Bayajidda tatsuniya ne?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga unguwar Mabera a nan Sakkwato. A aji an sa labarin Bayajidda cikin rukuni ɗaya da labaran allolin Girkawa, an kira su "mit". Shin ma'anar kalmar ƙarya ce, kuma ana iya kiran labaran addini da ita?

Amsa: Malama, asalin kalmar daga Girkanci ne, "mitos", kuma da farko zance ko labari kawai take nufi. A wurin masana al'adu tana nufin labarin da al'umma ta riƙe da muhimmanci domin ya bayyana mafarin duniya, ko na sarauta, ko na wata al'ada. Zan kira shi almarar asali, ko da yake sunan bai cika ba.

Bambancinsa da tatsuniya a fili yake. Idan kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" bayan sallar isha'i, yara sun san Gizo da Ƙoƙi za su ji, kuma da an ce "ƙurunƙus" magana ta ƙare, ba wanda zai tashi neman gonar Gizo. Amma rijiyar Kusugu tana nan a Daura, ana ziyartarta ana shan ruwanta. Labarin baƙon da ya kashe macijiya ya auri Daurama, har jikokinsa ta wajen Bawo suka mulki Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, aikinsa shi ne ya nuna wa garuruwa zumuncin da ke tsakaninsu, da dalilin girmama Daura a matsayin uwa. Ko masanin tarihi ya kasa tabbatar da macijiyar, wannan aikin bai rushe ba.

Haka abin yake a sauran al'ummu. Rumawa sun ce Romulus, wanda kyarkeciya ta shayar tare da ɗan tagwayensa Remus, shi ya kafa birninsu a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa, Yarbawa kuma suna danganta manyan sarautunsu ga Oduduwa na Ile-Ife. Ko a nan kusa da mu, Gobirawa suna cewa daga Kibɗawan Masar suka fito, kuma a ganina abin lura shi ne yadda al'ummomi da yawa na yankinmu suke kai tushensu gabas, inda daraja take a idonsu.

Ɓangare na biyu na tambayarki ya fi buƙatar taka-tsantsan. Masu nazarin addinai a jami'o'in Turai sukan yi amfani da kalmar ga kowane labari mai tsarki, ba tare da sun yanke hukuncin gaskiyarsa ko ƙaryarsa ba. Musulmi ba ya karɓar wannan suna ga ƙissoshin Alƙur'ani, domin lafazin "asaɗirul awwalina", wato tatsuniyoyin mutanen farko, ya zo sau 9 a cikinsa, kuma a matsayin zargin da masu ƙaryatawa suka yi wa wahayi. Malamanmu ma sun daɗe da tace wannan fanni, shi ya sa suka ware Isra'iliyyat, labaran da suka shigo tafsiri daga ma'abota littafi: wanda ya dace da nassi a karɓa, wanda ya saɓa a bari, wanda kuma nassi bai yi magana a kansa ba, ba a gaskata shi, ba a ƙaryata shi.