Kwikwiyon da ke tauna tsuntsu maimakon ya kawo shi

Ka tambaya yadda za ka hana kwikwiyonka na farauta ɗan wata biyar tauna tsuntsun da ka jefa masa, da kuma guduwa da shi. Ka daina ba shi tsuntsu na gaske a yanzu. Ka ƙulle tsumma ya yi tauri, ka ɗaura masa fukafukan zabo, ka sa wa karen doguwar igiya a wuya, sannan ka jefa ƙullin a cikin lungu ko tsakanin katanga biyu, inda ba shi da hanyar wucewa sai ta wurinka. Idan ya ɗauko, ka durƙusa ka kira sunansa, ka shafa shi yana riƙe da abin, daga baya ka karɓa a hankali. Jifa uku ko huɗu a rana sun isa.

Dalilin taunar shi ne kwikwiyon yana cikin famfara: tsakanin wata huɗu zuwa bakwai haƙoransa 28 na ƙuruciya suna zubewa, 42 na dindindin suna fitowa, dasashinsa na yi masa ƙaiƙayi, don haka duk abin da ya shiga bakinsa sai ya tauna. A wannan lokacin kada ka taɓa fizgar abu daga bakinsa. Na yi wannan kuskuren da karena na farko, ya ɗauka kokawa muke yi, ya koyi datse baki da ƙarfi, kuma makwarwar farko da ya kawo mini ƙirjinta a farfashe yake. Sai da na shafe rani guda kafin na gyara shi.