Tambayoyi da Amsoshi: Waya a Hamada, Daga Madina Zuwa Kufan Hijr da Petra

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga ayari guda na 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Saudiyya. Suna shirin tafiya da motoci biyu daga Madina zuwa Al'ula, su ga kufan Hijr da ake kira Mada'in Salih, su bi ta Tabuk, su tsallaka Jodan ta iyakar da ke kusa da Haƙl, su kwana a tanti a Wadi Rum, su ƙare a Petra. Kowa ya aiko da abin da ke damunsa, na tsinci waɗanda za su amfani sauran masu karatu.

TAMBAYA: Malam, an ce mana akwai wurare da yawa a hanyar da babu sabis ko kaɗan. To yaya Google Maps zai nuna mana hanya?

AMSA: Ɗan'uwa, abu biyu ne mutane suke haɗawa. Sanin inda kake aikin GPS ne, shi kuwa ba ruwansa da layi ko data. Wayarka sauraro kawai take yi daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, da zarar ta ji guda huɗu ta san inda take. Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar. Idan ba ka sauke shi tun a gari ba, za ka ga shuɗin ɗigo yana yawo a kan farin fili, ba hanya ba suna.

Don haka tun kuna Madina, inda akwai intanet mai ƙarfi, ka buɗe Google Maps, ka taɓa hotonka da ke sama ta dama, ka shiga wurin da aka rubuta "Offline maps", ka yanko yankin da kake so ka sauke. Yanka ɗaya ba zai ɗauke tafiyar ba, daga Madina zuwa Al'ula kaɗai ya haura kilomita 300. Ka yi ta yankowa ɗaya bayan ɗaya har Petra, gefen kowanne ya hau kan na gabansa. Bayan ka gama, ka kunna alamar jirgin sama ka nemi hanya ka gani. Idan ta fito, aiki ya yi.

Amma ni ban yarda a shiga rairayi da Google Maps shi kaɗai ba. In babu intanet hanyar mota kawai yake bayarwa, ba ya ba da ta ƙafa, kuma Wadi Rum ba kwalta ba ce, sawun taya ne da iska ke shafewa. Ku ƙara manhajar taswira ta OsmAnd ko Organic Maps, dukansu suna aiki da taswirar OpenStreetMap, wadda ta fi nuna ƙananan hanyoyi. OsmAnd yana iya zana sawunku tun daga inda kuka sauka daga kwalta, in kun rikice ku bi zanen ku koma. Kuna kafa tanti, kafin a ɗora shayi, ka sa alama a wurin, sannan ka kwafi lambobin wurin da biro a takarda ka sa a aljihu. Duwatsun Wadi Rum bayan magariba duk kamarsu ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafi wannan yankin musamman. Tun ƙarshen 2023 ake yawan dagula siginar GPS a Gabas ta Tsakiya saboda yaƙi, har mutane a Amman sukan buɗe waya su ga ta ajiye su a Beirut ko Alƙahira. Idan ɗigon ya yi tsalle irin wannan, wayarka ba ta lalace ba, kada ka bi ta kawai. A mashigar Petra ma, wato Siƙ, tsagin dutse mai tsawon kilomita ɗaya da ɗoriya, siginar takan rikice saboda tsayin bangon, sai dai can hanya ɗaya ce. A Wadi Rum ku ɗauki ɗan jagora daga Badawiyyan wurin, ana samunsu a cibiyar baƙi da ke bakin shiga. Kuɗin da za ku ba shi ya fi kowace manhaja daraja.

TAMBAYA: Na sayi fawa-bank mai 20,000mAh da ɗan sola a bayansa. Mai shagon ya ce ba zan sake neman wuta ba. Ya isa?

AMSA: Bai isa ba, Alhaji. Ɗan gilashin solar da ke bayan fawa-bank wat ɗaya ko biyu yake bayarwa, sai ya yi kwanaki a rana bai cika ba, kuma shanya batir a rana shi ne abin da ke kashe shi. Sannan lambar da aka rubuta ba ita ce ke isa waya ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku yana salwanta a hanya, saboda haka waya mai batir 5,000mAh za ta samu caji biyu da rabi ne.

Babbar tasharku ita ce motar. Ku sayi caja mai kyau ta ramin kunna sigari, mai bakin USB-C da saurin caji, ku cika komai yayin da injin ke tafiya. In an kashe mota a zare komai, domin batirin mota ya mutu a tsakiyar hamada ba ƙaramin tashin hankali ba ne. In kuna son sola, ku nemi faifai mai naɗewa na wat 20 zuwa 30. Faifan a rana, fawa-bank ɗin a inuwa, da doguwar igiyar caji a tsakaninsu. A inda babu sabis a kunna alamar jirgin sama, don laluben sabis ne ke shanye caji, GPS kuma yana ci gaba da aiki a haka.

TAMBAYA: Malam, wayata takan rubuta min cewa ta yi zafi ko a Jidda. Yaya za ta yi a can, ga kuma yashi?

AMSA: Hajiya, wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya tsaya a kanta. Kamfanin Apple ya ce iPhone an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Gaban gilashin motar da aka ajiye a rana kuwa yana iya wuce digiri 70. Can ne kuma kowa ke maƙala waya don kallon taswira, tana caji, allo a cike da haske. Zafi uku ke nan lokaci guda. Ki matsar da mariƙin wayar gaban iskar AC, ki cire mata riga idan tana caji. In ta yi zafi ki kashe ta ki sa a inuwa. Kada ki jefa ta cikin kula mai ƙanƙara, gumi zai taru a cikinta. Duk batirin da kika ga ya kumbura, ya ɗaga bayan waya ko allo, a daina amfani da shi nan take.

Da hunturu abin juyewa yake yi da dare. Yankin Tabuk da Wadi Rum sanyinsu yakan kusa digiri 0, har dusar ƙanƙara takan sauka a dutsen Jabal al-Lauz. Sanyi yana sa caji ya faɗi farat ɗaya, don haka ki kwana da waya da fawa-bank cikin bargo.

Yashi kuma ramin caji yake nema. Za ki ga kan caja ya daina shiga har ƙarshe, yana lilo, caji yana ɗaukewa yana dawowa. Ki kashe wayar, ki haska ramin, ki sa tsinken sakace na itace a hankali ki kwaso abin da ya danƙare a ƙasa. Ban da allura ko fil. Gilashin kamara a hure shi tukuna kafin a goge, in ba haka ba yashin ya karce shi. Ledar nan mai zif ta fi rigar waya mai tsada amfani a ranar guguwa.

TAMBAYA: Layina na Zain ne, na ji akwai Zain a Jodan. Zan ci gaba da amfani da datata?

AMSA: A'a. Suna ɗaya ne, amma kana tsallakawa kuɗin ƙasar waje za a fara cire maka. Ka sayi layin Jodan a garin Aƙaba, na Zain ko Orange ko Umniah, da fasfo ɗinka. Layin Saudiyya ya zauna a rami na biyu, datarsa a kashe, don saƙon lambar banki. WhatsApp ɗinka yana nan da tsohuwar lamba, kada ka canza. A bakin tekun Aƙaba ƙasashe huɗu ne suke kallon juna, waya takan kama sabis ɗin Masar ko Isra'ila ba ka sani ba, don haka ka zaɓi kamfanin da hannunka a saitin layi. Lambar gaggawa a Jodan 911 ce.

Tikitin Hijr ta intanet ake yankarsa, kuma ziyarar a tsare take, ba a sakin mutum ya yi ta yawo da motarsa tsakanin kaburburan Nabatiyawa, mutanen dā da suka gina Petra, sama da 100 da aka sassaƙa a dutse. Tun 2008 wurin yake cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, shi ne na farko a Saudiyya. Ka ɗauki hoton tikitin ka ajiye a waya, kada ka tsaya a ƙofa kana neman imel.

TAMBAYA: Ina da ƙaramin jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto, abokina kuma zai ara mana wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya.

AMSA: Jirgin ka bar shi a gida. Jodan ba ta barin a shiga da shi sai da izini tun kafin zuwa, ana karɓewa a kan iyaka, Saudiyya ma sai an yi rajista da hukumar sufurin jiragen sama. Thuraya ko na'urar aika saƙo ta Garmin inReach suna da amfani ƙwarai a inda babu sabis, amma ƙasashe da dama suna da doka a kan wayar tauraron ɗan'adam, ku nemi izini a rubuce kafin ku sa ta a kaya. Kada kuma mai iPhone 14 ko sabuwa ya dogara da kiran gaggawa ta tauraro, a wasu ƙasashe kaɗai aka buɗe shi.

TAMBAYA: In tafi da laftof don kwashe hotuna?

AMSA: Ba na ba da shawara, ƙanwata. Fankarta yashi za ta yi ta zuƙa, ga girgizar hanya. Filash mai bakin USB-C ya wadatar, ki cusa a waya ki kwafe hotunan yini kowane dare. Bidiyon 4K mai firam 60 yana cin kusan 400MB a minti ɗaya, ki mayar da shi 1080p, sai a gaban shahararrun gine-ginen dutse, Khazna ta Petra ko Ƙasrul Farid na Hijr, ki ɗaga shi. Don taurarin Wadi Rum, ki jingina wayar da dutse, ki kunna yanayin dare, ki sa mata sakan uku kafin ta ɗauka don kada hannu ya girgiza ta. Filash ɗin kuma ki ba wani a ɗaya motar ya riƙe, kada ya kwana jaka ɗaya da wayar.