Wata uku a jardan, ko "a" ba ta rubuta ba: in cire ta ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce daga Garin Malam, nan Damagaram. Ɗiyata tana da shekara huɗu da ƴan watanni, na sa ta jardan, wato ajin ƙanana kafin firamare, tun da aka koma lakwal a watan Oktoba. Yau wata uku ke nan, ba abin da take kawo mini gida sai waƙa da ƙasa a riga. In na ce me kuka yi yau, sai ta ce sun yi tuwon ƙasa, sun jera marafan kwalba, madam ta yi musu gatana. Ko kaye ba a ce mu saya ba. Ga ɗan maƙwabciyata, sa'anta ne, yana wata lakwal ta kuɗi, kayensa ya cika da baƙaƙe, har aikin gida ake ba shi, yana ƙirga har hamsin da Faransanci. Babanta ya ce in dai wasa ne ai akwai ƙasa a gida, a cire ta kawai. In canza mata makaranta ne, ko in ƙara haƙuri?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya raya mana ita. Kar ki cire ta tukuna. Abubuwa ukun da ta lissafa miki, ƙasa da marafan kwalba da gatana, su ne ainihin aikin ajin ƴan shekara huɗu, kuma jin su daga bakin yarinya ya sa na fi zaton madam ɗinsu ta san abin da take yi. Zato na ce, don ban ga ajin ba, ke ma da alama ba ki taɓa zama cikinsa ba. Za mu zo kan wannan.

Bari in fara da hannu, tunda rubutu ne ya fi damun ku. Ki ɗauko kayen ɗan maƙwabciyarki ki dubi layukansa da kyau. Irin kayen da ake amfani da shi a lakwal ɗinmu, tsakanin siririn layi da na kusa da shi milimita biyu ne kacal, kuma rubutun da ake koyarwa na haɗe ne, wanda harafi ke riƙe da hannun ɗan'uwansa. Kafin yaro ya iya zaunar da "a" a cikin wannan ɗan tsukun, sai kafaɗarsa ta tsaya, wuyan hannunsa ya yi ƙwari, yatsu uku sun koyi riƙe alƙalami ba tare da sauran sun sa baki ba. Wannan ƙwarin daga sama yake gangarowa, kafaɗa, gwiwar hannu, sannan yatsu, kuma ba ya jin gaggawa. Yawancin yara suna kwaikwayon da'ira a shekara uku, layi biyu da suka gitta juna a shekara huɗu, mai kusurwa huɗu tsakanin huɗu da biyar, mai kusurwa uku kuwa sai wajen biyar zuwa shida. To "a" ɗin da kike jira da'ira ce da sanda a jikinta. Ɗiyarki yanzu take kan hanyar.

Na daɗe ina shiga azuzuwan ƙanana, kuma akwai wani yaro da har yau nake tunawa, a wata makaranta da ba zan faɗi sunanta ba. An ba shi shafi guda ya cika da harafi ɗaya. Ya dunƙule fensir kamar mai riƙe muciya, harshe waje, yana dannawa har takardar ta huje, majina da hawaye suna ɗiga kan layin. Da na buɗe shafukan baya sai na ga rubutu tsaf, mai kyau ƙwarai. Na ce wa ya yi wannan? Ya ce yayata ce take kama mini hannu. Kaye da yawa da ake nuna wa maƙwabta haka aka cika su. Ban ce na yaron maƙwabciyarki haka yake ba, akwai yaran da hannunsu ke nuna da wuri. Amma cikar kaye ba ta gaya miki wanda ya cika shi.

Yarinyar da ke cuɗa yumɓu tana mulmula shi, tana zura tsakiya a zare, tana yaga takarda ƙanana, tana tsince tsakuwa da yatsa biyu, waɗannan yatsun dai take horarwa. In ta ja layi da ɗan yatsa a kan rairayi ta share ta sake, rubutu take koyo, a wurin da kuskure ba ya barin tabo kuma ba ya jawo faɗa. Likitar nan ta Italiya, Maria Montessori, da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, sai da ta yanka haruffa da takarda mai kaushi don yara su bi su da yatsa kafin a ba su alƙalami. Mu rairayin kyauta muke samunsa. Shi kuwa maigida, ki tuna masa da makarantar allo, cikin ladabi. Wane malami ne ke miƙa wa ɗan shekara huɗu alƙalami da tawada ranar da aka kawo shi? Yaro yana daɗewa yana ji yana maimaitawa, malam ne ke rubuta masa a allo, sai ya yi ƙwari sannan a bar shi ya rubuta da kansa. Iyayenmu sun san wannan tun kafin boko ya zo.

Sai ƙirga. Yau da daddare ki samo ƙwallon dabino goma ki zube a tabarma, ki ce mata "ba ni biyar". Ki zuba ido. Tana taɓa kowane ɗaya sau ɗaya tana faɗin lamba ɗaya, ko bakinta yana gudu ya bar yatsanta a baya? In ta kai biyar tana tsayawa, ko kwasowa take yi ta miƙo miki? In kin ce "nawa ke nan?" tana cewa biyar, ko sai ta koma farko? Yaron da zai rera lambobi har hamsin, da Faransanci ko da Hausa, yana iya faɗuwa a wannan ɗan gwajin, don haddar jerin lambobi daban, sanin cewa biyar yawan abu ce daban. Sannan ki jera ƙwallaye biyar-biyar layi biyu, ta yarda daidai suke, sai ki baza layi ɗaya ya yi tsawo a gaban idonta, ki ce wanne ya fi yawa? Mai yiwuwa ta nuna dogon. Kar ki damu, haka yawancin sa'o'inta suke, masanin nan Jean Piaget ya daɗe da nuna hakan. Abin da ke warware shi shi ne jera marafan kwalba ɗin nan, ja da ja, babba da babba, kowane yaro marfi ɗaya, sau ɗari har ido ya daina ruɗar ta. (Gwajin na ɗiyarki ne. Kar ki je ki yi wa ɗan mutane a gaban uwarsa, ki jawo mana rikicin unguwa.)

Mu nan ma muna da wani ƙarin ruɗani da yaran wasu wurare ba su da shi. A gida da kasuwar Dole kuɗi da dala muke lissafa su, a lakwal kuma da faran, abin da yarinya ta sani da dala ashirin shi ne za a ce mata ɗari. Yaron da ya yi wasan kanti a aji, yana sayar da gwangwanaye da kwalaye yana ba da canji da tsakuwa, ya fi saurin daidaita waɗannan lissafin biyu idan lokacinsu ya yi.

Gatanar kuwa, da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak a bar wa ajin, ita zan zaɓa. Karatu ba a ido yake farawa ba, a kunne yake farawa. Yaron da ya zauna ya bi Gizo daga farkon wayonsa har inda asirinsa ya tonu, ya iya cewa wannan ne ya fara faruwa sannan wancan, ya iya amsa "me ya sa Ƙoƙi ta yi fushi?", shi ne gobe zai karanta shafi ya fahimci abin da ke ciki. Haka waƙoƙin da tafi. In madam ta sa su tafa sunayensu gaɓa-gaɓa, ko ta ce wace kalma ce ta fara kamar "baba", tana koya musu jin cewa magana guntu-guntu ce, kuma wannan jin shi ne ƙofar haɗa baƙi da wasali. In da Hausa take yi musu, kar ki ɗauka ragwanta ce. A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai fara wa yara karatu da harshen gida, a 1973, da Hausa, don an lura yaro ya fi kama abu da harshen da yake mafarki da shi. Tun 2025 kuma Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, Faransanci yana cikin harsunan aiki. Faransancin yana da wurinsa a jardan, ta gaisuwa, waƙa, sunayen launi da sassan jiki, don kunne ya saba da sautukan da babu su a bakinmu, irin "p" da "v" da wasulan hanci. Amma a hana ɗan shekara huɗu magana da Hausa a aji, wannan koya masa shiru ne kawai.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kaye ko kaɗan. Ki tambayi duk malamin CI, wato ajin farko na firamare, abin da ya fi ba shi wahala a watan farko, da wuya ya ce miki rashin sanin haruffa. Zai ce yaron da bai iya cewa yana jin fitsari ba, wanda bai iya jiran layi ba, wanda in an karɓe masa alli sai cizo, wanda ke kuka har azahar. Cire takalmi a jera, wanke hannu da buta da sabulu kafin a ci ƙosai, mai da kayan wasa inda aka ɗauko, duk darasi ne, kuma a gida wani babba ne ke yi wa yaro su.

Yanzu inda maigida zai iya zama da gaskiya. Ba kowane wasa ne karatu ba, kuma akwai jardan da ajiyar yara kawai ake yi, a tara su a rufe ƙofa har a tashi. Gani ya kori ji. Ki nemi izinin shugabar makarantar ki zauna a bayan aji awa ɗaya, wajen ƙarfe tara zuwa goma na safe. Ki duba ko madam tana tsugunawa cikin yaran tana tambayarsu, "nawa ka jera?", "me zai faru in mun ƙara ɗaya?", ko tana kan kujera da waya su kuma suna ta kansu. Ki ji ko tana kiran kowa da sunansa. Ki dubi bango, zanen yaran ne a manne, karkatacce kowa da irin nasa, ko hotunan da aka sayo ne kawai? In kin ga bulala a kan tebur, wannan kaɗai ya isa dalilin magana. Ki leƙa makewayi, ki ga randa ko jarkar ruwan sha, kin san halin ruwa a garin nan, ki ga kuma ko akwai inuwar da za su fake idan zafin Afrilu da Mayu ya sauko. Ajin da ya yi tsit ƙwarai, yara a jere kan benci suna maimaita abin da sanda ta nuna, ya fi ba ni tsoro a kan mai ɗan hayaniya.

Kafin ki fito ki tambaye ta kai tsaye: madam, zuwa watan Yuni me kike so ɗiyata ta iya? Wadda ta san aikinta ba za ta yi kame-kame ba. Za ta ce ta gane sunanta a rubuce, ta ƙirga abubuwa na gaske har wajen goma, ta zana mutum da kai da jiki da hannuwa, ta ba da ɗan labari a jere. Baɗi, a ajin ƴan shekara biyar, nan ne ya kamata ki fara ganin ƙaramin allo da alli, layuka, lanƙwasa, zane mai kamar gada, sunanta da hannunta. In aka kai tsakiyar waccan shekarar babu ko ɗaya, to ki yi magana. Kuma in kin ga tana juya harafi baya, ko tana farawa daga dama, kar ki tsawata, musamman in tana zuwa makarantar allo da yamma, inda rubutu daga dama yake tafiya. Hanya biyu take koyo lokaci guda, za ta raba su.

A gida ba sai kin zama madam ta biyu ba. Ki bar ta ta tsince miki wake, ta ɓare gyaɗa, ta raba wa ƴan gida cokali ɗaya-ɗaya, ki sa ta maimaita miki gatanar da aka yi musu kina tambayar "sai me ya faru?". Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2019 ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana, kallon waya ko talabijin kuma kar ya wuce awa ɗaya. Abin da zai sa in ce ki tashi tsaye ba rashin rubutu ba ne. In ana kiranta daga baya ba ta waiwayowa, ko kunnenta yana yawan zubar da ruwa, ko tana kai abu dab da ido kafin ta gani, ko baƙo ba ya gane yawancin maganarta a wannan shekarun, ki kai ta likita a duba, kar ki jira shigarta CI.

Ranar da za ki je ajin, in da hali ki roƙi babanta ya raka ki, ko da rabin awa ne kafin ya wuce wurin aiki. Ƙwallayen dabinon ma a gabansa za ki zube su, ki bar shi shi ya ce mata "ba ni biyar".