Tambayi Tanti: Tuwonmu ma gwaninta ne, ko cika ciki kawai?

TAMBAYA

Salamu alaikum Tanti, ina yini, ya iyali? Ni ɗiyarki ce daga Sabon Gari, nan Damagaram, shekaruna 22. Wata ƙawata ta tura min wani shiri a waya, Chef's Table, inda ake bin manyan masu girki na duniya ana nuna rayuwarsu da abincinsu. Wallahi Tanti tun ranar tukunya ta shiga raina. Na tara kuɗi na sayi fararen faranti shida. Ranar Juma'a na dunƙule wa Baba 'yar shinkafa a tsakiyar faranti, na ɗiga miya a gefe, na ɗora ganye guda a kai. Ya duba ya ce, "To, ɗanɗano ya yi, a kawo abincin." Kakata ta yi dariya har da hawaye. Inna kuwa cewa ta yi girki aiki ne kamar shara, in daina ƙarar mata da gaz. In na dubi tuwo da miyar kuka sai in ga ba su da abin nunawa. Abincinmu zai iya zama irin wancan, ko sai na bar ƙasar nan?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki gaida min Baba, ki ce Tanti tana bayansa. Mutumin da ya taso daga masallacin Juma'a cikin ranar Damagaram ba a tarbarsa da loma uku da ganye.

Shirin nan na san shi. A 2015 Netflix ya fara shi, kuma autana ya zaunar da ni na kalli da dama, ina tsinkar zogale ina leƙe. Yawancinsu na manta fuskokinsu. Wadda ta zauna min a rai tsohuwar nan ce ta Koriya ta Kudu, Jeong Kwan, da aka nuna a 2017. Ba ta da gidan abinci ko ɗaya. A wurin ibadarsu na addinin Buda take zaune, tana noma ganyenta, tana dafa wa abokan zamanta, babu nama, babu albasa, babu tafarnuwa. Dukiyarta tulunan waken soya ne da ta jiƙa ta rufe, wasu sun shekara da shekaru. Da na ga ta buɗe tulu ta sunkuya tana shinshinawa, sai na ce wa autana, ai wannan daddawa ce take dubawa. Haka kakata take yi in ta dafa 'ya'yan yakuwa ta daka ta rufe su kwana da kwanaki za ta yi daddawar batso. Hanci ke gaya mata ta nuna ko da saura. Manyan masu girki daga Amurka suna hawa jirgi su je su zauna gaban waccan tsohuwa, ke kuma taki tana tsakar gida tana yi miki dariya kyauta.

Abin da ya same ki, farantin kika gani, shi ne kuma ya fi sauƙin kwaikwayo. Da jika kaɗan a Kasuwar Dole an gama. Amma ki sake kallon shirin ki lura inda suke daɗewa da na'urar ɗaukar hoto: hannu, wuta, jira, da mutum yana maimaita abu ɗaya har ya gundure shi bai bari ba.

Bari in ba ki labarin kunyata. Ina amarya a Birni, kwana na tara, aka ce yau ni ke da tuwo. Hatsi ne, an surfe an niƙa, gari mai kyau. Na kwashe malmala sumul-sumul da mara, na jera a akushi, ni a dole gwana. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta sa yatsa ta tsaga malmala ɗaya. Ga gudaji a ciki, fari fat, gari ko jiƙa bai yi ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Wuta kika ji tsoro, ko muciya?" Washegari ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da murhu. A nan na gane ruɗe ba ya son gaggawa, sai ya dahu yana tsalle yana fal-fal har ya kusa ƙona miki hannu kafin ki fara zuba gari. Garin kuma kaɗan-kaɗan, ƙafa tana danne da tukunya, muciya tana bin gefe tana murƙushe shi a jikin tukunyar. Sai ki rufe, ki janye itace, ki bar shi ya sulala har ƙamshin ɗanyen gari ya tafi, sannan ki sake tuƙawa. Ban taɓa ganin ta auna komai ba. Da kunne take sanin tuwo ya yi, in ya fara yin wani numfashi a ƙarƙashin murfi. Sai da na shekara biyu kafin kunnena ya ji abin da nata yake ji.

Miyar kukar da kika raina ma haka take. Ki ba mata biyar kuka ɗaya, daddawa ɗaya, tattasan Diffa ɗaya, ki zagaya ki ɗanɗana, miya biyar za ki sha. Wata ta zuba kukar a dunƙule ta yi mata kolallai, wata ta barbaɗa tana kaɗa maburgi wuta a ƙasa. Wata ta bar daddawa ta dahu a ruwan nama har warinta ya koma ƙamshi, wata ta jefa ta a makare. Kanwa kuma, ɗan ƙiris ke kashe tsamin yakuwa ya tausasa wake, in ta ɗara kaɗan miya ta koma sabulu. Wanda ya ce wannan ba gwaninta ba ne, bai taɓa cin na wadda ba ta iya ba.

Game da taurarin da kike jin ana yi wa waɗancan gidajen abinci kirari da su, na Michelin ne, kamfanin tayoyin mota na Faransa. A 1900 suka fara buga ɗan littafi don matafiya su san inda za su ci su kwana, su yi ta tafiya tayoyi suna cinyewa. Tauraron kuwa a 1926 aka fara ba da shi, shekarar da aka ɗauke mana babban birni aka kai Yamai. Ma'auni ne nasu, kuma yana da kyau a wurinsu. Masu bayar da shi dai ba su taɓa zama kan tabarma a gidan suna an sauke dambu ba.

Innarki kuma kada ki riƙe ta a rai. Mace ta shekara talatin tana ɗora tukunya safe da dare, ga rigimar ruwa ta garin nan, yau famfo ya kawo gobe sai an bi 'yan garuwa, kuma ba ranar da wani ya ce an gode sai ranar da gishiri ya zarce. Dole ta kira shi shara. Waɗanda kike kallo suna da yara birjik masu yanka da wanke-wanke. Ki sayi gawayinki da kuɗinki, ki ɗauke mata girkin dare sau biyu a mako, ki wanke tukwanenki da kanki. Za ki ga bakin ya sauya.

Barin ƙasa ba laifi ba ne in Allah ya buɗe hanyar karatu, makarantun girki suna koyar da tsafta da lissafin riba da sarrafa wuƙa, kuma duk muna bukata. Sai dai in kin je za su tambaye ki me kika zo da shi daga gida, kada ki tsaya kina zare ido. Ko nan ma sana'a ce. Matan da ke yin alkaki da dubulan na gara, waɗanda hannunsu ya faɗa, tun biki da saura wata ake kama layi a wurinsu.

Ga aikin da zan ba ki. Ki ajiye farantan nan a kwaba, ba za su ruɓe ba. Ki zaɓi abinci ɗaya, ni da dambu zan ce. Ranar Alhamis ki shiga kasuwa da kanki ki zaɓo tsaki da zogale da albasar Galmi, ki koyi bambanta sabon ƙuli-ƙuli da wanda ya kwana biyu. Ki sa kaka ta zauna kusa, ki ɗauki littafi da biro, duk abin da ta ce "ɗan kaɗan" ki tare hannunta ki auna shi da cokali ki rubuta. Ki lura yadda take naɗe bakin madambaci da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya tsere, da lokacin da take sauke turarin farko ta wargaza shi kafin ganye ya shiga, da inda mai yake shiga. Ki yi shi kowane mako har sau goma, kina rubuta abin da ya ɓaci. A na goma ki fito da farantinki fari, ki cika shi yadda Baba zai ƙoshi, ki yanka ɗanyar albasa da tattasai a kai in kina son ado.

Ki rubuto min abin da ya ce. Na kaka ma ina so in ji, ko da dariyar ce.