Tambayoyin Masu Karatu: Wane Irin Kabad Ya Dace da Kayan Yara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Ni uwa ce mai yara uku: babbar tana da shekara 9, mai bi mata yana da 5, autar kuma wata 8. Ɗakinsu ɗaya, kayansu kuma sun fi ƙarfin wurin da nake ajiye su. Sau biyu ina sayen durowa mai araha. Ta farko gindinta ya zube kafin shekara ta zagayo, ta biyu kuma ta kumbura ta fara marmashewa bayan ruwan goge ƙasa ya riƙa taɓa ƙafafunta. Ba ni da kuɗin da zan sayi kabad mai tsada, kuma na gaji da asara. Don Allah me zan duba kafin in sake saye, kuma wane tsari ne zai ɗauki kayan yara uku masu girma daban-daban? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin a yi maganar abin da za ki saya, ya kamata a tuna cewa yaron da ake yi wa kabad ɗin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Jariri yakan zo duniya da tsawon kusan santimita 50, ya kai kimanin 75 idan ya cika shekara, kuma kafin ya wuce shekara 4 ya kusa ninka tsawon da aka haife shi da shi. Kayansa ma haka suke canzawa. Na jariri ƙanana ne masu yawa waɗanda ake naɗewa, na ɗan makaranta kuwa sun haɗa da yunifom da rigunan da sai an rataye su. Saboda haka kabad ɗin da aka manne kantocinsa wuri ɗaya, komai kyansa a ranar saye, zai daina dacewa da mai shi cikin 'yan shekaru. Shawarata ita ce ki zuba mafi yawan kuɗinki a kan gangar jikin kabad ɗin, wato bangwayensa da kantoci da sandar rataya, ki tabbatar ana iya matsar da su sama ko ƙasa, sannan ki yi tsimi a kan kwanduna da akwatunan da za su shiga ciki, domin su ko sun lalace maye gurbinsu ba ya karya aljihu.

Hanyar gane kabad mai matsuwa ba ta da wuya. Ki leƙa cikinsa, ki duba ko akwai layin ƙananan ramuka a jikin bangonsa daga sama har ƙasa. Yawancin masana'antu suna huda su ne da tazarar milimita 32 tsakanin rami da rami, kowanne kuma faɗinsa milimita 5, kuma a cikinsu ake cusa 'yan ƙarafan da kanta ke zama a kai. Amfanin wannan ma'auni shi ne idan ƙarfen ya ɓata ko kika so ƙara kanta, ba sai kin koma wurin wanda ya ƙera kabad ɗin ba. Idan kafinta ne zai yi miki, ki roƙe shi ya huda irin waɗannan ramuka maimakon ya buga kantocin da ƙusa, domin aikin bai taka kara ya karya ba, amma shi zai ba ki damar sake tsarin da hannunki bayan shekara biyu. Akwai kuma tsarin da ba shi da bangon katako ko kaɗan: dogayen ƙarafa ne masu ramuka da ake ɗaurawa a bangon ɗaki, a maƙala musu kantoci da kwandunan waya. Irin wannan yakan fi sauƙin kuɗi idan ɗakin yana da lungu ko kabad na gini wanda babu komai a cikinsa, kuma iska tana ratsa kaya sosai. Aibinsa guda biyu ne: ƙura tana samun kaya idan babu ƙofa ko labule, kuma wayar takan bar shaida a jikin tufafi masu laushi, sai dai a shimfiɗa kwali mai kauri ko 'yar tabarmar roba a kai.

Yanzu mu zo ga durowarki ta biyu, wadda ta kumbura. Daga yadda kika kwatanta ta, kusan tabbas an yi ta ne da allon da ake haɗawa daga ɓarɓashin katako da gam, a matse shi, a lulluɓe fuskarsa da takarda ko leda mai kama da katako. Wannan allo shi ne mafi araha, kuma ba laifi ba ne a yi amfani da shi a busasshen wuri, amma da zarar ruwa ya shiga ta gefen da ba a rufe ba sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake ko ya bushe. Sukuru ma ba ya kama shi da kyau karo na biyu, shi ya sa kabad ɗin da aka kwance aka sake ɗaurawa yake fara rawa. Allon da ake kira MDF ya fi shi santsi da ɗaukar fenti, amma yana da nauyi ƙwarai, shi ma kuma ba ya shiri da ruwa. Filawud, wanda ake yi da siraran fallayen katako da aka jera wannan a tsaye wancan a kwance, ya fi su duka biyun riƙe sukuru da jure danshi, kuma a ganina shi ne tsaka-tsakin da ya dace da mai ƙaramin ƙarfi. Katako zalla ya fi daɗewa idan ya bushe sosai kafin a yi aiki da shi, amma ɗanye yakan murɗe ya tsage, kuma kuɗinsa ya fi yawa.

Idan ya zama dole ki sake sayen allon ɓarɓashi saboda shi ne aljihu zai ɗauka, to ki zaɓi mai kaurin milimita 16 zuwa 18, wanda aka rufe dukkan gefunansa har da na ƙasa da na baya, kuma yake tsaye a kan ƙafafun roba ko ƙarfe waɗanda suka ɗaga shi daga daɓe. Wannan ɗagawar kaɗai da ta ceci durowarki daga ruwan goge ƙasa.

Sai batun tsawon kanta, wanda mutane da yawa ba sa kula da shi. Kanta mai tsawo tana burge ido, amma lanƙwasawarta ba ta tafiya daidai da tsawonta. Idan aka ɗora nauyi iri ɗaya a kan kantoci biyu masu kauri ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗayar a tsawo, doguwar za ta lotsa har sau takwas fiye da gajeriyar. Saboda haka kantoci biyu masu santimita 50 ko 60 da bango a tsakaninsu sun fi guda ɗaya mai mita ɗaya da ɗoriya, kuma ga ki da yara uku, rabe-raben ma zai ba kowa gurbinsa.

Durowarki ta farko kuwa gindinta ne ya zube, kuma dalilin sananne ne: ana yin gindin durowa mai araha da siririn allo wanda aka zura cikin ɗan tsagi, idan aka danna kaya sai ya lotsa ya fita daga tsagin. Kafin ki saya, ki zaro durowar, ki danna tsakiyar gindinta da tafin hannu, ki juya ta ki ga ko akwai sanda a ƙarƙashi da ke tallafe ta. Ki kuma ja ta ki mayar sau da yawa. Layin ƙarfe da durowa ke gudu a kai ya fi na roba daɗewa, kuma dole ya kasance yana da abin da ke tsayar da durowar kada ta fito gaba ɗaya ta faɗo wa yaro a ƙafa. Gaskiya ma, durowa ita ce ɓangaren da ya fi tsada kuma ya fi saurin lalacewa a kabad, don haka ni da zan zaɓa miki, da na ce ki rage su zuwa biyu ko uku, sauran wurin ki sa kantoci da kwandunan roba marasa murfi. Yaro ɗan shekara 5 zai jefa safa a kwando ba tare da an tuna masa ba, amma da wuya ya rufe durowa.

Game da rabon wuri, rigunan yara gajeru ne, don haka sanda ɗaya a sama ɓarnar fili ce. Ki sa sanduna biyu, ɗaya a ƙasa inda hannun ɗan shekara 5 zai kai, kimanin mita ɗaya daga daɓe ko ƙasa da haka, ɗaya kuma a sama don babbar da kayan fita. Idan dogayen riguna suka fara yawa, sai a cire ta ƙasan. Kabad ɗin manya yakan buƙaci zurfin kusan santimita 60 saboda faɗin hanga, hangar yara kuwa ba ta wuce santimita 30 ko kusa da haka ba, amma tunda babbar 'yarki ta kusa komawa hangar manya, kada ki sayi marar zurfi. Kayan jaririyar su zauna a daidai ƙugunki ko ƙirjinki, inda za ki ɗauko su da hannu ɗaya alhali tana ɗaya hannun. Can sama kuma ki ajiye akwatuna biyu masu murfi, ɗaya na kayan da suka yi wa wani kaɗan suna jiran ƙani, ɗaya na waɗanda ba lokacinsu ba ne, ki rubuta shekarun a jiki. Kafin duk wannan, ki zazzage kayan gaba ɗaya ki fitar da waɗanda babu mai sawa, domin sau da yawa abin da ya rage ba ya buƙatar kabad mai girman wanda uwa ta yi niyyar saye. Sannan ki auna faɗin bango da tsayinsa da faɗin ƙofar ɗakin, ki tafi da awon a rubuce.

Abu ɗaya ne ba na yarda a yi tsimi a kansa: ɗaure kabad ɗin a bango. Yara suna jan durowa su taka ta kamar tsani, kuma idan durowoyi suka fito, nauyin kabad ɗin yakan rinjaya gaba ya kife. A watan Yunin 2016 kamfanin IKEA mai sayar da kayan ɗaki ya janye durowoyi kusan miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan wasu ƙananan yara sun mutu a ƙarƙashin waɗanda suka faɗo musu, kuma daga baya ƙasar ta kafa dokar da ta fara aiki a watan Satumbar 2023, wadda ta wajabta a gwada irin waɗannan kayan ajiyar tufafi da nauyin kusan kilo 27, kwatankwacin yaro mai hawa. Ƙarfen ɗaurewa mai kusurwa ko igiyar da aka yi don haka ba su da tsada. A bangon bulo ana huda rami, a cusa robar da ke kama sukuru, sannan a ɗaure. Autarki za ta fara miƙewa tana dafa kaya nan da 'yan watanni, saboda haka a yi wannan aikin ranar da kabad ɗin ya shigo gida. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, kuma kada a ɗora talabijin ko abin wasa a samansa wanda zai sa yaro sha'awar hawa.

TAMBAYA: Anti, na saya wa yarana sabon kabad amma yana wani wari mai shiga ido, kuma matata tana so ta zuba kafur a ciki don ya kore warin da ƙwari. Shin hakan daidai ne? Daga wani uba.

AMSA: Malam, warin nan yawanci daga gam da fentin da aka yi allon da su yake fitowa, kuma a cikin abin da ke tashi akwai sinadarin fomaldihaid, wanda yake sa ido da maƙogwaro ƙaiƙayi, kuma tun 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ke iya jawo cutar ga ɗan Adam. Ya fi tashi lokacin da kabad yake sabo, musamman a zafi da danshi, sannan ya riƙa raguwa. Ku buɗe ƙofofinsa da durowoyinsa, ku bar shi babu kaya a wuri mai iska na wasu kwanaki har warin ya lafa, kuma kada yara su kwana a ɗakin da tagogi a rufe kafin nan. Nan gaba idan za ku sayi wani, alamar E1 a jikin allo tana nuna ya cika ma'aunin Turai na ƙarancin wannan sinadari.

Kafur kuwa ba na goyon bayansa a kayan yara. Ƙwallayen kafur da aka yi da sinadarin naftalin suna kama da alewa a idon yaro, haɗiye su guba ce, kuma tururinsu da ke kama tufafi yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jarirai, musamman masu larurar gado da ake kira ƙarancin G6PD, wadda iyaye da yawa ba su san ɗansu yana da ita ba. Ƙwarin da ke cin tufafi sun fi bin kayan da aka ajiye da gumi ko ɗigon abinci, don haka ku gaya wa uwargida ta wanke kaya ta busar da su sarai kafin ta adana, ta zuba waɗanda za su daɗe a akwatin roba mai murfi, kuma a bar 'yar tazara tsakanin bayan kabad da bango idan bangon yana jiƙa, don kada fumfuna ta kama su.