Na gama digiri na biyu a bayoloji, amma hannuna bai san aikin ɗakin gwaji ba

Tambaya: Assalamu alaikum Duktur. Ni ɗan Maiwurno ne, ina koyar da bayoloji a wata jami'a a nan Sudan. Digirina na biyu a cikin yaƙin nan na yi shi, kusan duk karatun ta waya. Zan iya zana yadda PCR, wato hanyar ninka ƙwayar gado (DNA) a cikin inji don a iya gano ta, ke aiki a kan allo, amma ban taɓa haɗa shi da hannuna ba. Ina so in fara bincike, ga ɗalibai kuma suna jiran in koya musu aiki. An ba ni labarin wani kwas na mako biyu a Alƙahira. In sayar da filina in tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka bar filinka inda yake. Halin da kake ciki ba laifinka ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ɗakunan gwaji da yawa a Khartum da Wad Madani suka tsaya, kuma tsararka da dama haka suka sauke karatu. Amma mako biyu ba zai ba ka abin da kake nema ba. Za ka ga injin, ka danna shi sau biyu ko uku, a ba ka takardar shaida, ka dawo inda babu sinadaran kuma wuta ba ta tsayawa. Bayan wata uku hannun ya manta.

Abin da ya fi kashe bincike a wurinmu yana faruwa ne tun kafin a kai ga injin: awo, da yadda aka ɗauki samfur, da yadda aka rubuta. Saboda haka fara da fifet, wato abin ɗiban ruwa ƙanƙani da awo. Nemi sikeli mai kyau a sashen kemistiri, ka ɗebi ruwan da aka tace mikrolita 1000 ka ɗiga a kai. Ya kamata ya nuna kusan giram 1. Yi sau goma, kana rubuta kowanne. Idan lambobin suna tsalle, ko fifet ɗin na da matsala ko hannunka bai zauna ba, kuma gara ka gano haka da ruwa da ka gano shi da sinadarin da aka sayo da dala. Na taɓa zama da wani ɗalibi da ya ɓata wata biyu yana zargin injin PCR, ashe yana danna fifet har matsaya ta biyu kafin ya ɗebi ruwa, kullum yana ɗiban fiye da kima.

Daga nan sai madubin likita, wato maikiroskop, kuma a nan nake so ka daɗe. Je wurin tsohon ma'aikacin ma'amal, wato ɗakin gwaji, a asibitin da ke kusa da kai, ka ajiye digirinka a ƙofa, ka roƙe shi ya koya maka shafa jini a gilashi, mai kauri da marar kauri. Rinin Giemsa, wanda ake rina shafin jinin da shi, yana son ruwa mai pH (ma'aunin tsami) 7.2. Idan gaggawa ake yi, a haɗa rinin kashi 10 cikin ɗari na minti 10. Idan gilasan suna da yawa, kashi 3 cikin ɗari na minti 45 zuwa 60. Ba a cewa babu ƙwayar zazzaɓi sai an duba aƙalla fage 100 a shafin mai kauri. Idan an same ta, ana ƙirga ta a gefen fararen ƙwayoyin jini 200, a lissafa a kan cewa akwai 8000 a kowace mikrolita.

Kada ka ɗauki wannan tsohon yayi. Yawancin ɗan gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro yana neman wani furotin ne da ake kira HRP2. A maƙwabciyarmu Eritiriya an sami ƙwayoyin Plasmodium falciparum da suka rasa ƙwayar gadon da ke yin wannan furotin, gwajin ya riƙa cewa lafiya lau alhali mutum na kwance, har ƙasar ta sauya irin gwajin da take amfani da shi a 2016. Wanda ya iya madubi shi ne zai fara lura da irin wannan a Kassala ko Sinnar. Ga kuma sauron Anopheles stephensi da aka gano a Sudan, mai hayayyafa a tankunan ruwa na cikin gari. Tara 'ya'yan sauro daga tankuna da randuna, a raine su har su girma a tantance su, aiki ne da ɗalibanka za su iya da kofi da gidan sauro.

Kai da ka taso a bakin Shuɗin Nilu, tambayoyin bincike suna ƙofar gidanka. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, tur'o'in ban ruwa, wato magudanan ruwan noma, suka zama gidan dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya: Bulinus ga ta fitsari, Biomphalaria ga ta hanji. Ta fitsari ana tace mililita 10 ne, a karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi fita. Ta hanji kuwa hanyar Kato-Katz ce: ma'aunin yana ɗaukar miligiram 41.7 na bahaya, ka ƙirga ƙwai ka ninka da 24, ka sami adadinsu a giram ɗaya. In ka leƙa wurin 'yan'uwanmu a Gadarif, cutar kala-azar ce, mai dogon zazzaɓi da kumburin saifa, kuma ƙudan da ke yaɗa ta, Phlebotomus orientalis, ya fi son ƙasa baƙa mai tsagewa inda aduwa da dushe suke. Duk wannan babu mai buƙatar injin miliyoyi. A 1907 ma, masu binciken ɗakin gwajin Wellcome na Khartum a cikin jirgin ruwa suka kafa ma'amal suna bin Nilu da madubi.

To, PCR fa? Za ka kai gare shi, kuma hanyar ita ce ka tanadi abin da za ka gwada. Ɗiga jini a takardar tacewa, ka bar shi ya bushe sarai a inuwa, ka sa kowanne a ledarsa da ƙullin silika mai tsotse danshi. Haka zai daɗe ba tare da firiza ba. Sauro ma a silika, dodon koɗi a cikin etanol mai ƙarfi. Lamba a jikin samfur, da fensir, ita ce a littafi, tare da rana da wuri. Littafin ya zama mai ɗinki, ba a yage shafi, ba a goge kuskure, sai dai a ja masa layi. Kowane mako ka ɗauki hotonsa ka adana a intanet, domin mun ga yadda aikin shekaru ya salwanta a yaƙin nan. Kuma kafin ka taɓa jinin kowa ko fitsarin yaro, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar iyaye da masu gari.

Ranar da kake da samfur ɗari biyu masu tsabta da tambaya guda, ka rubuta wa masu ɗakin gwaji. A lokacin ba roƙo ka je yi ba, abokin aiki ne ya zo da kayansa. Duba tallafin TWAS da na ICGEB, cibiyoyi ne masu tallafa wa masu binciken kimiyya, duka suna da mazauni a Tiriyeste ta Italiya, ka nemi zaman wata uku zuwa shida a benci ɗaya, ba na mako biyu ba. A can za ka ga abin da allo ba ya koyarwa: dalilin raba wurin haɗa sinadarai da wurin buɗe abin da aka riga aka ninka, da dalilin da kowane gwaji ke tafiya da bututun da ruwa kawai aka sa masa. Idan wannan bututun ya nuna layi, sakamakon ranar duka an zubar.

Kafin nan, sauke manhajar R ta lissafin bayanai a kwamfutarka, kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke. Awon ruwan nan goma da na ce ka yi, su ne bayananka na farko. Ka sa kowane ɗalibi ya yi nasa goman, ku fitar da matsakaici da tazarar kowa, sannan ka turo mini lambobin mu duba tare.