Filin Amsoshinku: tambaya da amsa a Faransanci ga masu farawa

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni sabuwar shiga ce a koyon Faransanci, abin da ke ɗaure min kai shi ne tambaya ɗaya sai in gan ta kala uku, nan an rubuta *Tu parles français ?* can kuma *Est-ce que tu parles français ?* wani wurin *Parles-tu français ?* Dan Allah wacce ce daidai a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Duk ukun daidai ne kuma ma'anarsu ɗaya, wato "kina jin Faransanci?" Bambancin kawai wurin da ake amfani da kowacce ne. Ta farkon ita ce ta hira, jimla ce kamar kowace sai dai ki ɗaga murya a ƙarshe, yadda muke cewa "kin zo?" ba tare da ƙara komai ba. Ta biyun kuma *est-ce que* ɗin nan da ake furtawa "eskə" ki ɗauke shi tamkar "shin" namu, ki ajiye shi a gaban jimla shi ke nan ta zama tambaya, kuma yana shiga ko'ina, a hira da rubutu da gaban manya. Ta ukun, wadda ake juya aikatau ya riga wakilin suna, ta fi yawa a rubutu da magana ta ofis, kuma ita ce mai ɗan wahala don wani lokacin sai an cusa harafin t a tsakiya saboda daɗin furuci, kamar *Parle-t-il français ?* Ni dai shawarata ki riƙe ta biyun gam, ki riƙa amfani da ta farkon da ƙawayenki, ta ukun kuwa ya isa ki gane ta in kin gani, lokacinta zai zo.

Tambaya: Malam yaushe ake cewa *tu* yaushe ake cewa *vous*? An ce min in na yi kuskure mutum zai iya jin haushi.

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka ɗan'uwa, amma mu wannan bai kamata ya ba mu wahala ba tunda mun saba ce wa babba "kun tashi lafiya?" alhali shi kaɗai ne. *Vous* na jam'i ne kuma na girmamawa, *tu* na aboki da ɗan gida da yaro. Duk wanda ba ka sani ba, ko malami ko ma'aikaci ko wanda ya girme ka, fara masa da *vous*, in yana son a sake zai ce maka *on peut se tutoyer*, wato mu koma *tu*. Abin lura shi ne aikatau ma yana canzawa, aboki ka ce masa *Comment tu t'appelles ?* baƙo kuwa *Comment vous appelez-vous ?* amsar dai ɗaya ce, *Je m'appelle* sai sunanka. Kuma kafin kowace tambaya ga wanda ba ka sani ba ka fara da *bonjour*, masu harshen suna ɗaukar tsallake gaisuwar nan rashin ladabi sosai.

Tambaya: Wata rana malaminmu ya tambaye ni *Tu n'as pas compris ?* na ce *oui* ina nufin e ban gane ba, sai ya tsaya yana kallona. Ina na yi kuskure?

Amsa: Wannan tambayar ta yi min daɗi ƙwarai don wuri ne da masu jin Hausa da yawa ke tuntuɓe ba su ma san sun yi ba. Mu idan aka ce "ba ka gane ba?" mukan ce "e" muna gaskata mai tambayar, wato e, yadda ka faɗa haka ne, ban gane ba. Bafaranshe ba haka yake lissafi ba, shi abin da ya faru yake kallo, in ba ka gane ba to amsar *non* ce, *Non, je n'ai pas compris*. In kuma ka gane kana so ka musanta zaton da ya yi, ba *oui* za ka ce ba, akwai kalma ta uku da aka tanada musamman don wannan, ita ce *si*, sai ka ce *Si, j'ai compris*. Kenan *oui* ba ta da gurbi bayan tambaya mai korewa, shi ya sa malamin ya rasa inda ka dosa. Kuma ka kula da kyau, a maganar yau da kullum mutane na yar da *ne* ɗin korewa, wato *n'* ɗin nan da ke cikin *Tu n'as pas*, za ka ji *T'as pas compris ?* da sauri kamar kalma ɗaya, to da zarar kunnenka ya kama *pas* a cikin tambaya ka san zaɓinka biyu ne, *si* ko *non*. Kafin bakinka ya saba ka daina amsawa da kalma ɗaya tilo, ka riƙa cika jimlar, ko ka yi kuskure a farkonta ƙarshenta zai fitar da kai.

Tambaya: Na haddace kalmomin tambaya duka, *qui, quoi, où, quand, comment, pourquoi, combien*, wato wa, me, ina, yaushe, yaya, don me, nawa, amma in aka tambaye ni sai bakina ya mutu. Ga shi ina so in zauna jarrabawar DELF A1. Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa matsalar ita ce kin haddace su a jere su kaɗai, kamar mai tara makullai ba ta san ƙofar kowanne ba. Ki koyi kowace tambaya tare da amsarta, a bayyane da murya, don yawanci rabin amsar na cikin tambayar, aikatau ɗin da aka tambaye ki da shi za ki ɗauko ki mayar wa kanki. *Où habitez-vous ?* wato ina kike zaune, sai ki ce *J'habite à* da sunan garin. *D'où venez-vous ?* wato daga ina kika fito, amsa *Je viens de*. *Quel âge avez-vous ?* amsa *J'ai vingt ans*, a nan ma Hausa ta taimake ki don "ina da shekara 20" suke cewa kamar mu, kada ki bi hanyar Turanci ki ce *je suis*, kuma kada ki manta da *ans* a ƙarshe. *Pourquoi* kuwa abokin tafiyarsa *parce que* ne, wato "saboda".

Game da jarrabawar, DELF takardar shaida ce ta ma'aikatar ilimi ta Faransa tun 1985, kuma A1 shi ne matakin farko. Sassa huɗu ne, saurare da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25, ana buƙatar 50 cikin 100 kuma kada ki gaza 5 a kowane sashe. Sashen maganar minti 5 zuwa 7 ne kacal bayan an ba ki minti 10 na shiri, kuma kusan dukansa abin da muke tattaunawa ne, da farko mai jarrabawar zai tambaye ki game da kanki da iyalinki, sannan a ba ki katuna masu kalmomi ke kuma ki ƙirƙiro tambayoyi ki yi masa, daga nan ku yi 'yar kwaikwayon saye ko odar wani abu, inda *combien* zai yi miki aiki.

In ya yi sauri kada ki yi shiru kina zare ido, ki ce *Pardon, vous pouvez répéter, s'il vous plaît ?* ko *Plus lentement, s'il vous plaît*, wato a maimaita ko a rage gudu. Neman a maimaita da Faransanci shi ma Faransanci ne kika yi, mai jarrabawar ya san matakinki kuma zai maimaita. Waɗannan jimlolin biyu ki fara sa su a baki tun yau, ki samu wadda za ku riƙa yi tare, ke ki yi tambaya ta amsa sannan ku yi musanya. Allah ya ba da sa'a.